Yadda Ɗan Kasuwa Zai Tsare Kwamfutarsa Ta Gida Daga Manhajojin Leƙen Asiri Da Na Cusa Talla

Tun daga lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya soma aiwatar da shirinsa na rage amfani da tsabar kuɗi a Legas cikin shekarar 2012, musamman kuma bayan ƙarancin takardun Naira da aka sha fama da shi a farkon 2023, harkokin ciniki da dama a ƙasar nan sun tashi daga aljihu da akwatin ƙarfe sun koma cikin na'ura. Ɗan kasuwar da a da yake kulle littafin lissafinsa a durowa, a yau yakan koma gida da dare ya buɗe kwamfutarsa, ya duba abin da ya shiga asusunsa na banki, ya amsa wasiƙar wanda ke aiko masa da kaya daga Guangzhou ko Dubai, ya kuma rubuta sunayen waɗanda yake bi bashi. Idan gari ya waye ya fita kasuwa, ita dai wannan kwamfutar ce yara za su hau su sauke wasanni da finafinai, ƙaninsa kuma ya soka filash ɗin da ya zo da shi daga makaranta. Ta haka ne na'urar da ke riƙe da asirin kasuwancin mutum take zama wadda aka fi sakaci da ita a duk cikin gidan.

Akwai baƙi iri biyu da suka fi yawan shiga irin wannan kwamfuta ba tare da sallama ba. Na farko su ne manhajojin cusa talla, waɗanda aikinsu shi ne su riƙa turo wa mai na'ura tallace-tallacen da bai nema ba, su sauya masa shafin da burauzarsa ke buɗewa da shi, su kuma karkatar da bincikensa zuwa shafukan da ke biyan masu su kuɗi. Na biyu su ne manhajojin leƙen asiri, waɗanda ke zaune shiru suna tattara bayanai game da mutum, kama daga shafukan da yake ziyarta har zuwa kalmomin sirrinsa da duk wani harafi da ya buga a kan madannai, sa'an nan su aika da su ga wani can a nesa. Iyakar da ke tsakanin biyun ba ta da kauri, domin mai son ya nuna maka tallar da za ta ja hankalinka dole ne ya fara sanin abin da kake nema, shi ya sa galibin manhajojin talla su ma suna leƙe gwargwadon hali.

Ya kamata a bambanta su da ƙwayoyin cutar kwamfuta irin na da, waɗanda burinsu shi ne su yaɗu su kuma yi ɓarna. Manhajar leƙen asiri ba ta son na'ura ta lalace, kamar yadda kaska ba ta son saniya ta mutu. Muddin kwamfutar na aiki, mai ita kuma bai farga ba, to kuɗi na shiga aljihun wani. Wannan shi ne abin da ya kamata ɗan kasuwa ya fara fahimta, kuma shi ne ya fi kowa cancantar ya fahimta: ba wasan yara masu neman suna ba ne, ciniki ne mai dillalai da 'yan kamasho da farashi.

Cinikin ya samo asali ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da masu rubuta ƙananan manhajoji suka gano cewa za su iya raba kayansu kyauta idan suka yarda aka maƙala musu wata manhajar talla a ciki. Cikin shekarar 2000 wani masanin kwamfuta mai suna Steve Gibson ya gano cewa manhajar tallar wani kamfani da ake kira Aureate ta shiga na'urarsa tana hulɗa da waje ba da saninsa ba, ya kuwa zauna ya rubuta wata 'yar manhaja mai suna OptOut don cire ta. Ita ce ake ɗauka a matsayin ta farko a cikin manhajojin kakkaɓe leƙen asiri. A daidai wannan zamani ne Ad-Aware ta kamfanin Lavasoft da Spybot Search & Destroy ta wani Bajamushe mai suna Patrick Kolla suka fito, waɗanda suka daɗe suna cin kasuwarsu a gidaje da shagunan intanet.

Wanda ya fi yin suna a cikin kamfanonin talla na wancan lokaci shi ne Gator. Abin da yake tallatawa shi ne wata manhaja da ke taimaka wa mutum cike fom da tuna kalmomin sirri, amma a bayan fage tana lura da shafukan da ake buɗewa, tana faɗo da tallar abokin gasa a kan shafin mai kaya. Jama'a da yawa ba su ma san sun ɗauko ta ba, don kuwa a cikin wasu manhajojin kyauta take zuwa, irin su Kazaa da ake musayar waƙoƙi da ita. A 2002 wasu manyan gidajen jaridu na Amurka, cikinsu har da Washington Post da New York Times, suka kai kamfanin ƙara, a shekara mai bi kuma ya sauya sunansa zuwa Claria. Wani bincike da kamfanin AOL da Ƙungiyar Tsaron Intanet ta Ƙasa a Amurka suka gudanar a 2004 ya nuna cewa kashi 80 cikin 100 na kwamfutocin gidajen da aka duba suna ɗauke da irin waɗannan manhajoji, kuma idan aka raba daidai kowace na'ura tana da ɓurɓushinsu har 93.

Yadda kuɗin ke zagayawa ya fito fili a shari'ar kamfanin Zango, wanda a Nuwamban 2006 ya amince ya biya Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayyar Amurka dala miliyan 3. Kamfanin yana biyan dillalai ne bisa kowace kwamfuta da suka samu suka dasa manhajarsa a ciki, su kuwa dillalan ba su damu da hanyar da suka bi ba, ko yaudara ko kutse. Hukumar ta ce an dasa manhajar fiye da sau miliyan 70. Duk wanda ya taɓa ba yaran kasuwa kamasho bisa yawan abin da suka sayar ba tare da ya sa musu ido ba, ya san inda irin wannan tsari yake ƙarewa.

Kada kuma a ɗauka cewa ƙananan kamfanoni marasa suna ne kawai ke wannan aiki. A Oktoban 2005 masani Mark Russinovich ya bankaɗo cewa wasu fayafayan waƙoƙi na kamfanin Sony BMG suna dasa wata ɓoyayyar manhaja a kwamfutoci masu amfani da Windows da aka sa su, da nufin hana kwafe waƙoƙin. Abin takaicin shi ne, manhajar cirewa ta farko da kamfanin ya fitar bayan an yi masa ca, ita ma sai da ta buɗe wata sabuwar kafa ga masu kutse. Kusan shekaru goma bayan haka, a Fabrairun 2015, aka gano cewa wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka na kamfanin Lenovo suna fitowa daga masana'anta da manhajar talla ta Superfish, wadda ke iya shiga tsakanin mutum da shafin bankinsa ko da an ce hanyar a kulle take. A 2017 Lenovo ya sasanta da hukumar cinikin Amurka, ya kuma biya jihohi 32 na ƙasar dala miliyan 3 da rabi. Wato ke nan sabuwar na'ura a cikin kwalinta ma ba shaida ba ce ta tsabta.

A yau lamarin ya wuce batun talla mai ban haushi. Abin da ya fi tashe shi ne manhajojin kwasar bayanai, waɗanda cikin 'yan daƙiƙoƙi suke kwashe duk kalmomin sirrin da aka adana a burauza, da lambobin katin banki, da kuma 'yan shaidun da shafuka ke ajiyewa a na'ura don su gane cewa mai ita ya riga ya shiga. Wanda ya mallaki wannan shaida yana iya buɗe akwatin imel na mutum a wata na'ura ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba. Ana ba da hayar irin waɗannan manhajoji ga ɓarayi wata-wata, kamar yadda ake hayar shago. A Mayun 2025 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa ɗaya daga cikinsu, mai suna Lumma, ta shiga kwamfutoci masu amfani da Windows fiye da 394,000 a faɗin duniya cikin watanni biyu kacal, daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Mayu. Da umarnin kotu da haɗin gwiwar hukumomin tsaro aka ƙwace adireshin intanet kimanin 2,300 da masu ita ke aiki da su, amma ba a jima ba masana suka ba da rahoton cewa ta sake ɗago kai.

Nijeriya ba 'yar kallo ba ce a wannan fage. A Mayun 2022 rundunar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol ta sanar da cewa Hukumar EFCC ta kama mutum uku a Legas da Benin bisa zargin amfani da wata manhajar leƙen asiri mai suna Agent Tesla wajen karkatar da kuɗaɗen kamfanoni. Yana da kyau mai karatu ya san yadda irin wannan damfara take tafiya, don ita ce ta fi shafarsa kai tsaye. A ɗauki misalin mai shigo da kayan gyaran mota wanda ya buɗe wata takarda da ta zo masa ta imel da sunan takardar farashi. Takardar ba ta nuna komai ba, sai ya rufe ya manta, alhali kuwa manhajar ta riga ta zauna, ta aika da kalmar sirrin imel ɗinsa. Ɓarawon ba ya gaggawa. Zai yi makonni yana karanta wasiƙu, ya san wa ake bi, wa ke bi, da yadda kowa ke rubutu. Ranar da lokacin biyan kuɗin kwantena ya yi, sai wasiƙa ta iso da sunan mai kaya, da irin gaisuwar da ya saba yi, tana cewa an sauya asusun banki saboda binciken shekara, a tura kuɗin wannan sabuwar lamba. Sai bayan makonni, sa'ad da mai kaya ya bugo waya yana tambayar kuɗinsa, gaskiya za ta fito.

Ta ina suke shigowa a gidajenmu? Babbar ƙofa ita ce manhajojin sata waɗanda aka fasa makullinsu. Al'ada ce a kasuwannin kwamfuta, daga Ikeja zuwa Wuse har zuwa Kano, mai saye ya ce a loda masa komai da komai, a kuwa cika masa na'ura da manhajojin ofis da na zane da na lissafi waɗanda ba a biya ko kwabo a kansu ba. Sau da yawa shi mai lodawar ba shi da wata muguwar niyya, shi ma saukowa ya yi daga inda bai sani ba. Amma wanda ya ɓata dare da rana yana fasa makullin manhajar dala ɗari ya raba ta kyauta, yana da abin da yake nema, banza ba ta kai zomo kasuwa. Mafi muni kuma, irin waɗannan kayan sukan zo da umarnin cewa a kashe mai gadin na'ura kafin a girka su, mutane kuma su kashe da hannunsu.

Sauran ƙofofin sanannu ne. Akwai saurin danna maɓallin ci gaba a lokacin girka manhajar kyauta ba tare da karanta abin da aka riga aka yi wa alamar amincewa ba. Akwai 'yan ƙarin kayan aiki da ake maƙala wa burauza da sunan sauke bidiyo ko sauya takarda daga wani siga zuwa wani. Akwai shafukan kallon ƙwallo da finafinai kyauta masu neman izinin aiko da sanarwa, waɗanda da zarar an ba su sai saƙonnin gargaɗin ƙarya su riƙa faɗowa a kusurwar allo. Akwai kuma filash mai yawo daga shagon buga takardu zuwa gida.

Alamun manhajar talla ba su da wuyar ganewa: na'ura ta yi nauyi, tagogin talla na buɗe kansu, shafin farko na burauza ya sauya kuma ya ƙi komawa yadda yake, data na ƙarewa da wuri, fankar kwamfuta na gudu ko ba a aikin komai. Sai dai a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, suna ɗaukar rashin waɗannan alamu a matsayin lafiya. Mai hayaniyar ita ce mai sauƙi. Wadda aka rubuta don satar kalmar sirri an rubuta ta ne yadda ba za a ji motsinta ba, wasunsu ma da sun gama kwasa suke share kansu su ɓace. Saboda haka binciken na'ura abu ne da ake yi a kan ƙa'ida, ba sai an ga alama ba.

Manhajar kakkaɓewa tana aiki ne ta hanyoyi biyu. Tana ɗauke da wani dogon kundi na kamannin miyagun manhajojin da aka riga aka sani, tana gwada duk abin da ke cikin na'ura da wannan kundi, kamar yadda ma'aikacin banki ke gwada sa hannu. Sa'an nan tana lura da ɗabi'a: idan wata manhaja ta nemi ta riƙa tashi tare da na'ura a ɓoye, ko ta taɓa ma'ajiyar kalmomin sirri ta burauza, ko ta riƙa naɗar abin da ake bugawa, sai ta tsayar da ita. Abin da ta kama ba ta share shi nan take, tana killace shi ne a wani wuri inda ba zai iya motsi ba, don idan kuskure ta yi a iya dawo da shi. Tun da kuwa kullum sababbi ake ƙirƙirowa, kundin da ba a sabunta shi ba ba shi da wani amfani. Wannan batu ne da ya shafe mu ƙwarai, domin saboda tsadar data mutane da yawa suna toshe duk wani sabuntawa a kwamfutocinsu. Kuɗin datar da ake tsimi bai kai kuɗin motar zuwa banki sau ɗaya don shigar da ƙorafi ba.

Akwai mai gadi na dindindin, wanda ke tsaye dare da rana yana duba duk abin da ke shigowa, akwai kuma mai bincike na kira, wanda sai an buɗe shi an ce ya duba. Duk mai amfani da Windows na zamani yana da na farkon a cikin na'urarsa ko ya sani ko bai sani ba. Asalinsa manhajar wani ƙaramin kamfani ce mai suna Giant da Microsoft ya saya a Disamban 2004, ya fitar da ita don gwaji a Janairun 2005, daga baya ta koma Windows Defender. Daga Windows 8 a 2012 ta zama cikakkiyar mai yaƙi da ƙwayoyin cuta, a yau kuma ana kiranta Microsoft Defender. A namu ganin, ga kwamfutar gida wannan ta wadatar a matsayin mai gadi na dindindin, muddin tana kunne kuma ana sabunta ta, ba lallai ne mutum ya kashe kuɗin waje a kan wata ba. Abin da ya dace a ƙara shi ne mai bincike na biyu don jin ta bakin wani, kamar Malwarebytes, wadda nau'inta na kyauta ke bincike idan an kira ta, ko AdwCleaner, wadda kamfanin Malwarebytes ya saya a 2016 kuma ta ƙware a kan manhajojin talla da tarkacen burauza. Abin da bai dace ba shi ne a tara masu gadi na dindindin biyu ko uku a na'ura ɗaya, don za su riƙa kama juna ne, na'urar kuma ta yi nauyi a banza.

Wajen zaɓen mai gadin ne ake bukatar natsuwa, domin nan ne aka fi ba kura ajiyar nama. Tun tsakiyar shekarun 2000 'yan damfara suka gane cewa tsoro ma haja ne. Mutum na cikin karatu sai allo ya cika da jan rubutu, ana nuna masa kamar ana binciken na'urarsa, a ce an sami ƙwayoyin cuta ɗari da wani abu, ya biya kuɗi yanzu a cire masa. Binciken hoto ne kawai, manhajar da zai saya kuwa ko dai ba ta aikin komai ko kuma ita ce cutar. WinFixer da XP Antivirus suna cikin sunayen da aka yi amfani da su. A Disamban 2008 hukumar cinikin Amurka ta kai kamfanin Innovative Marketing kotu bisa zargin yaudarar mutum fiye da miliyan ɗaya ta wannan hanya, a 2012 kuma kotu ta yanke hukuncin biyan fiye da dala miliyan 163 a shari'ar. Har gobe ana wannan sana'a, sai dai yanzu sukan haɗa da lambar waya, wanda ya kira kuma a nemi ya ba da izinin shiga na'urarsa daga nesa don a gyara masa. Shafin intanet ba shi da ikon binciken cikin kwamfutar mutum, saboda haka duk gargaɗin da ya fito daga cikin burauza yana neman a kira waya ko a biya kuɗi, ƙarya ne, a rufe shi kawai.

Hatta sanannun kamfanoni ba su tsira daga zargi ba. A 2017 masu kutse suka shiga inda ake haɗa manhajar share tarkace ta CCleaner suka gurɓata ta, mutum fiye da miliyan 2 suka sauke gurɓatacciyar daga hanyar kamfanin ta halal. A Fabrairun 2024 kuma hukumar cinikin Amurka ta sanar da cewa kamfanin Avast zai biya dala miliyan 16 da rabi saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa ke ziyarta, ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot da ya rufe a farkon 2020. Ba wai ana cewa a guje wa masu gadi ba ne, ana nuni ne da cewa manhajar tsaro tana da ikon ganin komai a cikin na'ura, don haka rage yawansu da sauke su daga shafin kamfanin da ya yi su kai tsaye, ba daga tallar da ta fito a saman sakamakon bincike ba, shi ne ya fi.

Idan ana zargin wani abu ya shiga, sai a fara da sabunta kundin mai gadi, sa'an nan a cire na'urar daga intanet, a kuma kwafe muhimman takardu zuwa wani faifai na waje, takardu kawai ban da manhajoji. A leƙa jerin manhajojin da ke cikin na'ura, a jera su bisa kwanan wata, a cire duk wadda ba a san lokacin da aka girka ta ba. A yi haka ga ƙarin kayan burauza da shafukan da aka ba izinin aiko da sanarwa, in ya yiwu a mayar da burauzar yadda ta zo sabuwa. Bayan haka a sa cikakken bincike, ba na gaggawa ba, ko da zai ci sa'o'i, a tabbatar kuma akwai wuta ko cajin da zai kai. Microsoft Defender yana da wani nau'in bincike da ke sake tayar da kwamfuta ya duba ta kafin Windows ta gama farkawa, wanda ke ɗaukar kimanin minti 15, shi ne maganin masu ɓuya a bayan tsarin na'ura. A ƙarshe a kira mai bincike na biyu. Idan an yi duk wannan abin ya sake dawowa, to kada a ɓata lokaci, a share faifan gaba ɗaya a girka Windows ta halal daga tushe.

Ga inda aka fi yin asara. Mutum ya ga manhaja ta rubuta masa da koren launi cewa an cire barazana, sai ya yi hamdala ya ci gaba da harkokinsa da tsofaffin kalmomin sirrinsa. Ga manhajar talla, cirewar ta wadatar. Ga manhajar leƙen asiri kuwa, cirewa kaɗai ihu ne bayan hari, domin abin da ta kwasa ya riga ya isa hannun wani, mai yiwuwa ma an sayar da shi ga na uku. Manhajar kakkaɓewa na'ura take wankewa, ba ta da hannun da za ta miƙa ta karɓo abin da ya fita.

Saboda haka aikin da ke biyo bayan wankewa ya fi wankewar muhimmanci, kuma da wata na'urar daban mai tsabta ake yin sa. Imel ake fara sauya wa kalmar sirri, don ta nan ake sake buɗe duk sauran asusai. A nemi wurin da ke ba da damar fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun a danna shi, wannan ne ke kashe shaidun shiga da aka sace. A duba ko an kafa wata doka a cikin akwatin da ke tura kwafin wasiƙu zuwa wani adireshi ko ke ɓoye wasiƙun wani abokin ciniki, domin ɓarayi sukan bar irin wannan a baya, sauya kalmar sirri kuma ba ya cire ta. Daga nan sai asusun banki da na sauran shafukan ciniki, a kuma kunna tabbaci mai hawa biyu a duk inda ake da shi. A sanar da banki, a nemi sabon kati idan an taɓa buga lambar tsohon a wannan na'ura. Sa'an nan a ɗaga waya, ba imel ba, a kira manyan abokan hulɗa a shaida musu cewa duk wasiƙar da ta zo da batun sauya asusu kada su yi aiki da ita sai sun ji murya. Wasu 'yan kasuwa suna jin kunyar wannan kira don gudun a ce sun yi sakaci, amma kunyar minti biyar ce.

Akwai kuma fuskar doka. Dokar Hana Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta kutse cikin na'urar wani da yaɗa miyagun manhajoji, don haka wanda aka yi wa sata yana da hurumin kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC, kuma zai taimaki kansa idan ya adana wasiƙun da rahoton da mai gadin na'ura ya bayar maimakon ya share su. A ɗaya ɓangaren, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan wasu alhakin tsare su, ta kuma bukaci a sanar da hukumar da ke kula da wannan fanni cikin sa'o'i 72 idan aka yi satar da ka iya cutar da masu bayanan. Dokar ta keɓe abin da mutum ya ajiye don amfanin kansa da iyalinsa kawai, amma sunaye da lambobin waya da na asusun abokan ciniki ba sa zama na gida don kurum kwamfutar a falo take.

Saura batun tsufan na'ura. Galibin kwamfutocin da ke gidajenmu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka. Microsoft ya daina toshe kafofin Windows 7 tun Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da wani shirin ƙarin wa'adi na shekara ɗaya da ya tanadar wa masu amfani na gida da suka yi rajista. Da yawa daga cikin na'urorin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Mai gadi na iya ci gaba da aiki a kan tsohon tsari na wani lokaci, amma gadi ne a gidan da katangarsa ke zubewa ba mai gyara. Wanda zai sayi kwamfuta ta hannu a yanzu ya tambayi mai sayarwa ko tana ɗaukar Windows 11 ba tare da dabara ba, ya kuma sa a share ta a gabansa kafin ya kai ta gida. Wanda kuwa ba shi da halin sayen na'ura ta biyu don yara, ya buɗe musu asusu na daban a cikin wadda ake da ita, marar ikon girka manhaja, ya riƙe kalmar sirrin babban asusun a wurinsa. Aikin bai wuce na minti goma ba, kuma ba a biyan ko sisi.